Tafasawa, Jiƙo da Magani ko Na'urar Tururi: Wace Hanya Za Ki Bi Wajen Tsabtace Fidar Jariri?

Duk mai jegon da ta fara ba jaririnta madara a fida ba ta rasa masu ba ta shawara. Goggo za ta ce a ɗauraye da ruwan zafin filas ya wadatar, ai haka aka yi wa na baya suka girma. Ƙawa za ta turo hoton wata na'urar lantarki, ta ce in ba ita ba babu tsabta. Nas a asibiti ta ce a tafasa. Maigida kuwa tambayarsa ɗaya ce: nawa ne kuɗin?

Babu abin da ya kai nonon uwa zalla a watanni 6 na farko, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suke ta nanatawa, kuma mai shayarwa kai-tsaye ba ta da abin wankewa balle na tafasawa. To amma akwai wadda hutun haihuwarta ya ƙare ta koma aiki tana tatsa ta bari a gida, akwai mai tagwaye, akwai wadda likita ya ce ta ƙara da madara, akwai kakar da ke riƙon jaririn da mahaifiyarsa ta rasu wajen haihuwa. Waɗannan ba faɗa suke bukata ba. Suna bukatar su san hanyar da za ta tsare yaron daga gudawa, wadda kuma za su iya ɗorewa a kanta kullum, har da ƙarfe uku na dare.

Wanki tukuna

Kafin a zo maganar zaɓi, akwai abin da babu zaɓi a cikinsa. Kowace hanya za ki bi, sai kin fara wanke kayan tas da sabulu da ruwa mai ɗumi. Madara tana da maiƙo, maiƙon kuma yana mannewa, ƙwayoyin cuta su laɓe a ƙarƙashinsa. Tururi ko magani ba sa cire shi. Fidar da ba a wanke da kyau ba, ko an sa ta a na'urar da ta fi kowace tsada, ba ta tsabtatu ba.

Ki ɗauki fidar da kike ganin ta wanku, ki kwance zoben wuyanta, ki duba cikin zaren da ake murzawa. Sau da yawa za ki ga wani farin layi siriri ya daskare a ciki. Ki juya robar tsotson ciki-waje, ki shinshina, za ki ji ɗan tsami-tsami. Nan ne matsalar take zama. Don haka a kwance komai daki-daki: kwalba, zobe, roba, murfi. A sa buroshin fida, babba na cikin kwalba, ƙarami na cikin roba, a matsa ruwan sabulu ya fita ta hudar tsotson, sannan a ɗauraye da ruwa mai tsabta. Buroshin da robar wankin su zama na jariri kaɗai, kada soson da ya wanke tukunyar miya ya kusance su. A wanke da zarar yaro ya gama sha, domin a zafin watan Afrilu madarar da ta yi 'yan sa'o'i a gindin fida ta riga ta fara lalacewa. Kuma a bar goge roba da gishiri kamar yadda wasu ke yi. Abin da ya maƙale na gishirin yana iya cutar da jariri.

Sau nawa za a kashe ƙwayoyin cuta bayan wankin? Nan hukumomi sun ɗan saɓa. Hukumar lafiya ta Birtaniya, NHS, ta ce a riƙa yi wa duk kayan shayarwa har yaro ya cika wata 12. Cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta sassauta: wanki bayan kowace shayarwa, kashe ƙwayoyin cuta sau ɗaya a rana, musamman ga jaririn da bai kai wata 2 ba, da bakwaini, da mai raunin garkuwar jiki. A ganina sassaucin nan na mutanen da ruwan famfonsu yake zuwa a tace ne. Gidan da ruwansa na rijiya ne ko na 'yan garuwa, gara ya bi mai tsaurin.

Ma'aunin da za a duba

Abu shida nake ɗora kowace hanya a kai. Na farko, ƙarfinta wajen kashe ƙwayoyin cuta da irin ruwan da muke da shi. Na biyu kuɗi, na saye da wanda za a riƙa kashewa kullum. Na uku, ko tana jiran wutar Nepa. Na huɗu, yadda take cin kayan da kuma ƙarkon ita kanta. Na biyar sauƙi, musamman ga macen da ba ta samu barci ba. Na shida, haɗarin da ke tattare da ita a gida mai yara.

Tafasawa

Tukunya mai murfi, ruwa, da wuta. A zuba kayan da aka wanke, ruwa ya sha kansu gaba ɗaya, a tabbatar iska ba ta maƙale a cikin kwalba ba. Wannan wurin ne mutane ke kuskurewa: fidar roba ba ta da nauyi, tana tasowa ta yi iyo rabinta a waje, rabin nan kuma bai tafasu ba. A cika ta da ruwa kafin a nutsar, in ta ƙi zama a danne ta da ƙaramin faranti. CDC ta ce minti 5, NHS ta ce aƙalla minti 10. Ki ɗauki 10, kuma lissafin yana farawa ne daga lokacin da ruwan ya fara tafarfasa, ba daga lokacin da aka ɗora tukunya ba.

Wajen ƙarfi, babu wadda ta fi ta dacewa da yanayinmu. Tana kashe ƙwayoyin da ke kawo gudawa da taifot da kwalara, har da wasu masu taurin kai da sinadarin kulorin ba ya kashe su da sauƙi. Ruwan da aka tafasa kayan a ciki shi ma ya tsabtatu, don haka ko ruwan gidan ba abin yarda ba ne, an yi maganinsa tare.

Kuɗin saye kusan babu, illa tukunyar da za a ware wa jariri shi kaɗai. Kuɗinta a makamashi yake: gas, gawayi ko itace, kuma kowa ya san yadda farashin gas ya koma. Jariri sabon haihuwa yana sha sau 8 ko fiye a kwana ɗaya. Mai fida biyu kacal za ta wuni tana ɗora tukunya tana saukewa, kwana kaɗan ta gaji ta koma ɗauraya. Mai fida biyar ko shida kuwa sau biyu za ta tafasa, safe da dare, ta huta, gas ɗinta ma ya huta.

Illarta ita ce tana cin roba. Tsotson da ake tafasawa kullum yana saurin yin laushi, ya kumbura, ya fara danƙo, hudar ta buɗe madara ta riƙa zubowa da yawa har yaro ya ƙware. Ki riƙa ja kina dubawa a haske, da kin ga tsaga ko danƙo ki jefar. Kwalbar roba ma tana dusashewa, lambobin awo su goge, kuma fidar da ba a ganin awonta ba ta da amfani wajen haɗa madara. Kwalbar gilas ba ta san wannan ba, sai dai nauyi da fashewa. In roba za ki saya, ki nemi wadda aka rubuta ba ta da sinadarin BPA, wani sinadari da ake haɗa wasu robobi da shi, wanda Tarayyar Turai ta hana sa shi a fidar jarirai a 2011, Amurka ta biyo baya a 2012. Fidar da babu suna babu rubutu a jikinta, komai arharta, a bar ta a kasuwa.

Haɗarin a fili yake: tukunyar ruwan zafi a gidan da akwai mai rarrafe, da mantuwa. Mai jego tana iya ɗora tukunya barci ya kwashe ta, ruwa ya ƙone, roba ta narke a gindin tukunya. Ki sa ƙararrawar waya duk lokacin da kika ɗora.

Jiƙo a ruwan magani

Wannan ita ce hanyar ruwan sanyi. Ana sayar da maganin a kemis da manyan kantuna, na ruwa da na ƙwaya, wanda aka fi sani shi ne Milton. Sinadarin kulorin ne a cikinsa. Ana haɗa shi da ruwa a bokitin roba mai murfi bisa awon da aka rubuta a kwalinsa, akwai ƙwayar da ake sa ɗaya a lita 5. A nutsar da kayan, a danne su kada su taso. Kamfanin Milton ya ce minti 15 ya isa, NHS ta ce aƙalla minti 30, kuma ƙarin mintocin ba ya cutar da komai. Haɗi ɗaya yana aiki sa'a 24, daga nan a zubar a sake sabo.

Daɗinta da dare yake fitowa. Kayan suna zaune cikin ruwan, yaro ya farka, ki wanke hannu, ki ciro, ki kakkaɓe, ki yi amfani. Ba wuta, ba hayaƙi, ba jiran ya huce. Ba ta kuma kumbura roba da sauri kamar tafasa. Ga matafiyi, ko mai jinya a asibiti, ko wadda ta je wankan gida ƙauyen da itace ke wuya, ƙwayoyin nan 'yan kaɗan a jaka sun isa mako.

Sai dai tana da sharaɗi: ruwan ya zama garau. Ruwa mai laka ko gurɓatacce yana cinye ƙarfin kulorin kafin ya yi aikinsa. Ruwan rijiya da damina, wanda yake fitowa ja-ja, ba na wannan hanya ba ne sai an bar shi ya kwanta an tace. Wata matsalar ita ce wari. Uwa ta ji warin magani a fida hankalinta bai kwanta ba, sai ta ɗauraye da ruwan randa, ta mayar da aikin baya gaba ɗaya. In dole sai kin ɗauraye, da ruwan da aka tafasa ya huce za ki yi. Kulorin kuma yana cin ƙarfe, don haka cokalin ƙarfe ba ya shiga bokitin. Kuɗinta ba ya ƙarewa, kullum sai an sake haɗi, kuma a garuruwa da yawa ba kowane kemis ke ajiye maganin ba. A duba ranar ƙarewar aikinsa da lambar NAFDAC kafin a biya. A ajiye kwalin da bokitin inda hannun yara ba ya kai, domin ƙwayar tana kama da ƙwayar magani ta sha.

Za a tambaya, to bilic ɗin wanki fa, tunda shi ma kulorin ne? CDC ta ba da awonsa a matsayin mafita ta ƙarshe ga wanda ba shi da halin tafasawa ko turarawa: ƙaramin cokali 2 na bilic marar turare a galan ɗaya na Amurka, wato kusan lita 3.8, a jiƙa aƙalla minti 2. Amma ƙarfin bilic yana bambanta daga kamfani zuwa kamfani, wani da turare a ciki, wani kuma a ƙulle ake sayar da shi babu rubutu. Ba na son a yi kirdado da abin da zai shiga bakin jariri. Muddin akwai wutar da za ta dafa ruwan shayi a gidan, a tafasa.

Na'urar tururi ta lantarki

Aikinta irin na madambaci ne: ruwa kaɗan a ƙasa, kaya a sama, tururi ya ratsa su. A kife kwalabe bakinsu ƙasa, a danna, cikin minti 5 zuwa 15 gwargwadon iri ta gama ta kashe kanta. Kamfanoni irin su Philips Avent da Tommee Tippee suna cewa kayan suna zama da tsabtarsu har sa'a 24 in ba a buɗe murfin ba. Wajen kashe ƙwayoyin cuta ba ta da abin zargi, wajen sauƙi kuma ita ce gaba: babu tsaron tukunya, babu fargabar mantuwa.

Tsadarta ce ta farko, kuma tunda daga waje ake shigo da ita, farashin yana bin dala. Na biyu, wuta. Tana jan wuta irin ta abin da ke dafa ruwa, ƙaramin sola na fitila da fanka ba zai ɗauke ta ba, ƙaramin janareto ma sai an kashe wasu kayan. In aka ɗauke wuta tana tsakiyar aiki, sai an sake daga farko. Wutar da ke zuwa da ƙarfi ko rabi-rabi tana iya ƙona ta, kuma samun mai gyara ko kayan gyara ba tabbas. In za a sayo daga waje ko a gwanjo, a duba ƙarfin wutar da aka rubuta a gindinta. Wadda aka yi wa Amurka ta wuta mai ƙarfin volt 110 zuwa 120 ce, tamu kuwa 220 zuwa 240.

Akwai kuma abin da ba a faya faɗa ba lokacin saye. Ruwan burtsatse a wurare da yawa yana barin wani farin abu ya daskare a farantin da ke ɗaukar zafi, a hankali ya koma ruwan ƙasa, na'urar ta fara wari tana jinkiri. Sai an riƙa wanke farantin da ruwan khal, wato vinegar, lokaci-lokaci kamar yadda takardarta ta nuna. Tururin kuma yana ƙona hannu fiye da yadda ake zato, a jira ta ɗan huce kafin a ɗaga murfi.

Kwanon maikurowef da akwatin haske

Akwai kwanon roba mai murfi, ko leda ta musamman, da ake zuba ruwa kaɗan a sa a maikurowef. Tururi ne shi ma, yana gamawa cikin 'yan mintoci gwargwadon ƙarfin injin, kuma ya fi na'urar lantarki arha nesa ba kusa ba in dai akwai maikurowef a gidan. Ƙarfe ba ya shiga, kuma matsalar wuta tana nan yadda take.

Akwatin da ke aiki da hasken UV, wani haske mai kashe ƙwayoyin cuta, shi ne ya fi duka tsada, kuma shi ne na fi ja da baya a kansa. Haske inda ya haska kaɗai yake kashewa. Lungun cikin tsotso da zaren zobe, waɗanda su ne wuraren da muke tsoro, su ne inda inuwa take faɗawa. Ban ga dalilin da zai sa gida mai lissafin kuɗi ya kai hannu nan ba.

| Hanya | Kuɗin saye | Kuɗin kullum | Wutar lantarki | Cin kaya | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Tafasawa | Kaɗan | Gas, gawayi ko itace | Ba ta bukata | Tana saurin cin roba | Ƙuna, mantuwa |
| Jiƙo a magani | Kaɗan | Sayen magani a kai a kai | Ba ta bukata | Kaɗan, amma tana cin ƙarfe | Kuskuren awo, gurɓataccen ruwa |
| Na'urar tururi | Mai yawa | Kuɗin wuta ko mai | Dole | Matsakaici | Ɗaukewar wuta, ƙunar tururi |
| Kwanon maikurowef | Matsakaici | Kuɗin wuta | Dole | Matsakaici | Ƙunar tururi |
| Akwatin UV | Mafi tsada | Wuta da canjin ƙwan fitila | Dole | Kaɗan | Lungun da haske bai kai ba |

Bayan an gama, da abin da ke cikin fidar

Rabin ɓarnar bayan an sauke tukunya ake yin ta. A wanke hannu da sabulu kafin a taɓa komai. Kada a goge da tsumma ko tawul. Ko dai a bar kayan cikin tukunyarsu a rufe, ko a haɗa fidar gaba ɗaya a sa mata murfi, a ajiye a mazubi mai rufi inda ƙuda da kyankyaso ba sa kai. Wajen ɗora tsotso a kama gefensa, ba kan da zai shiga baki ba.

Madarar gari ta gwangwani kuma ba tsarkakakkiya ba ce ko da ba a taɓa buɗe ta ba. Tana iya ɗauke da ƙwayoyi irin su Salmonela da Kuronobakta, masu haɗari ga sabon haihuwa. Shi ya sa ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar tare da Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, a 2007 ta ce a dama ta da tafasasshen ruwan da zafinsa bai gaza digiri 70 ba, wato kada a bar shi ya wuce minti 30 bayan saukewa. Sai a sanyaya fidar cikin ruwan sanyi, a ɗiga a bayan hannu a ji. Fiya wata ma sai an tafasa. Abin da yaro bai shanye ba cikin sa'a 2 a zubar. Wannan ne ya fi yi wa iyaye ciwo saboda tsadar madara, shi ya sa ake ganin fida rabi a jaka a gidan suna, ta sha rana tun hantsi, a sake sa wa yaro a baki da la'asar. A dama kaɗan-kaɗan ya fi.

Akwai kuma zaɓin da ke rage aikin tun daga tushe: ƙaramin kofi. Ba shi da zobe, ba shi da lungu, ido yana ganin ko'ina a cikinsa, wankinsa da tafasa shi minti kaɗan ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi son kofi a kan fida a inda tsabta ke da wuya, kuma a ɗakunan jarirai na asibiti ana ba har bakwaini tatsattsen nono da shi. A zaunar da yaro a ɗan miƙe, a kai bakin kofin kan leɓensa na ƙasa, a karkata har nonon ya taɓa leɓen, shi zai riƙa lasa yana kurɓa da kansa. Ba ɗura ba ce, ba a zuba masa a baki. Ki roƙi nas ko ungozoma ta nuna miki sau ɗaya kafin ki fara.

Wacce ta dace da wa

Gidan da wuta ba ta da tabbas kuma ruwansa na rijiya ne ko na 'yan garuwa, tafasawa ce tasa, babu dogon tunani. Kuɗin da za a sa a na'ura a sayi tukunya ta musamman, buroshi, fida biyar ko shida masu kyau da tsotso na canji.

Wadda ruwanta garau ne amma gas ya yi mata nauyi, ko take yawan tafiya, ko take kwana a asibiti da yaro, jiƙo a magani zai fi mata. Da yawa za su ji daɗin haɗa biyun: tafasa da safe lokacin da wuta take kunne, bokitin magani don dare.

Ma'aikaciyar da ke tatsa kullum, ga fida ga kayan na'urar tatsa, ko mai tagwaye, in gidan yana da tsayayyiyar wuta ko babban sola, na'urar tururi za ta biya kuɗinta da lokacin da za ta rage mata. Amma tukunyar ta zauna a kusa saboda ranar da babu wuta. In akwai maikurowef a gidan, a fara gwada kwanonsa kafin a sayi na'ura.

Wadda sau ɗaya ko biyu kawai a rana ake ba ɗanta tatsattsen nono kafin ta dawo daga makaranta ko kasuwa, kofi ya ishe ta, ba sai ta sayi fida ba.

Mai bakwaini ko jaririn da aka sallamo daga ɗakin jinya, ta ɗauki hanyar zafi, tafasa ko tururi, bayan kowace shayarwa ba fashi. In kuma yaron ya fara gudawa ko amai, ko ya ƙi karɓar abinci, ko jikinsa ya yi zafi, a kai shi asibiti a ranar, a tafi da fidar da gwangwanin madarar don ma'aikatan su ga yadda ake haɗa masa.